Aikin Hannu da Jin Daɗi a Lokacin Rani

1. Rani ya zo

Jama'a, ga rani ya zo. An yanke gero da dawa, an rori wake, an kakkaɓe riɗi, an tsinke zoɓo. Kowa ya zuba abin da Allah ya hore masa a rumbu. An jingine fartanya a bayan ɗaki.

A ƙasarmu ta Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, damina gajeriya ce. Ruwa ya kan kankama a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Wata 4 ke nan. Kaka ta kan ci kamar wata 2. Sauran wata 6 duk rani ne. Da fari hunturu, da sanyi da ƙura. Daga baya bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ta kan yi zafi har rairayi ya hana tafiya ba takalmi.

To, mu yi ɗan lissafi. Wata 6 rabin shekara ne. Mutum mai shekara 40 ya ga rani 40. In ka haɗa su, shekara 20 ke nan cur. Me ya yi da waɗannan shekaru 20?

Mu nan ƙasar jigawa gare mu. Ba mu da babban kogi kamar mutanen Haɗejiya da Ringim, balle kowa ya yi noman rani. Shi ya sa tun kakanninmu waɗansu su kan tafi cin rani. Da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, ta bi ta Gagarawa, a 1930, sai tafiya ta ƙara sauƙi. Yau mota ce ke kwasar samari zuwa Kano da Abuja da Legas. Cin rani ba laifi ba ne. Amma ba kowa ke tafiya ba. Dattawa suna gida, mata suna gida, yara suna gida, magidanta da yawa ma suna gida. Da su mu ke magana a wannan darasi.

2. Wa da ƙane

Ga misali. A ce wa da ƙane ne, gonarsu ɗaya, suka raba amfani daidai wa daida.

Wan, da gari ya waye sai ya tafi bakin tasha ya zauna. Ba abin da ya ke yi sai kallon motoci da hirar mutane. Zaman ya ishe shi, sai ya sayi goro, ya sayi shayi, ya sayi taba. Wata rana aka ja shi wurin karta. Kuɗi suka ƙare, ya buɗe rumbu ya ɗebi damin gero ya kai kasuwa. Yau ɗaya, jibi biyu. Kafin ruwa ya sauka rumbu ya yi ƙasa. In ya komo gida ransa a ɓace, ya yi ta faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ƙanen kuwa, da ya yi sallar asuba ya karya kumallo, sai ya ɗauki kabarsa ya tafi gindin gawo. Yana saƙa, yana hira da maƙwabta, 'ya'yansa suna gefe suna tsaga masa kaba. In mako ya zagayo ya kai igiya da tabarma kasuwa, ya sayo gishiri da kanwa da daddawa. Bai taɓa rumbu ba sai don tuwo.

Ran nan wan ya zo rancen iri. Ya ce, "Kai dai ka huta, kullum ranka fari."

Ƙanen ya ce, "Yaya, ai ba kuɗin tabarma ne ke faranta mini rai ba, don ba su da yawa. Ni dai in hannuna yana aiki, zuciyata a kwance ta ke. In na gama na shimfiɗa ta na duba, sai in ji daɗi, in ce ni na yi wannan."

Ka ji maganar. Zaman banza ba hutu ba ne, kuma ba kyauta ba ne, rumbu ne ke biyan kuɗinsa. Jin daɗi kuwa ba sai an saya ba. Da yawansa yana nan a hannunka da tsakar gidanka.

3. Kaba

Abin da ya fi kusa da mu shi ne kaba. Kaba ita ce goriba tun tana ƙarama, ba ta yi tsawo ba. Da ita a ke yin tabarma, da igiya, da faifai, da mafici, da malafa, da ragaya ta rataye ƙwarya.

Ga yadda a ke yi. Ka yanko kaba, ka shanya ta ta bushe. Ka tsaga ta siri-siri, ko wane tsagi daidai da ɗan'uwansa. In za ka fara saƙa ka yayyafa mata ruwa ta yi laushi, don busasshiyar kaba karyewa ta ke yi. Tabarma a kan saƙa ta doguwa, faɗinta kamar tafin hannu, sa'an nan a haɗa a ɗinke gefe da gefe.

In kana son ado, ka rina rabin kabar. Karan dafi, in aka dafa shi da 'yar kanwa, ya kan ba da ja. Galura kuma tana kasuwa, kore da shuɗi da rawaya. A nan ne gwaninta ta ke. Mutum biyu su sami kaba iri ɗaya, amma ko wane da zanen da ya fito daga kansa.

Mai koyo ya fara da igiya, ita ce mai sauƙi. Kuma ba ta kwantai. Ku dubi kasuwar Maigatari ran Alhamis. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki su kan zo daga ƙasar Nijar da ko'ina, fatake kuma su zo saye har daga Kudu. Ko wace dabba da igiya a ke jan ta. Gaskiya ne igiyar roba da tabarmar roba sun cika kasuwa. Amma wanda ya kwanta a kan tabarmar roba da bazara ya san bambanci. Ta roba zafi ta ke ɗauka, ta kaba kuwa iska tana ratsa ta.

Sai dai a kula da abu ɗaya. In ana yanke kaba ƙarƙaf ko wace shekara, ba za ta taɓa zama goriba ba. Ka yanki ganyen gefe, ka bar na tsakiya. A gonarka ka zaɓi 2 ko 3 ka bar su su tashi. Maƙwabtanmu na Magarya da Matamaye a ƙasar Damagaram sun yi haka da gawo. Tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa barin 'yan itatuwan da suka tsiro da kansu a gona, suna yi musu sassabe mai kyau. Gonakin da suka zama fili suka sake cika da itatuwa. Abin da suka yi mu ma za mu iya.

4. Allura da mazari

Mata ba a bar su a baya ba. Bayan an gama daka da girki, akwai sauran yini. Faifai aikin mata ne tun da. A kan naɗe ciyawa da kaba, a riƙa zagayawa ana ɗinkewa, tun daga tsakiya har baki. Faifai mai ado shi ne murfin ƙwaryar fura, shi ne kuma adon jeren amarya.

Akwai kaɗi. Kakanninmu mata su kan gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saya su yi fari da gwado. Yau masu kaɗi sun ragu ƙwarai. In akwai tsohuwa a gidanku da ta iya, ki zauna kusa da ita ki koya. Ran da ta tafi, ta tafi da abin da ta sani, sai fa in ta bar shi a hannun wata.

Akwai kuma ɗinkin hula, na maza da mata duka. Sarautar Gumel ta Mangawa ce, asalinta daga wajen Barno, kuma hular da a ke kira zanna ma sunanta daga Barno ya zo. Kayan aikin kaɗan ne: farin ƙyalle, da allura, da zare mai launi. A kan zana ado a kan ƙyallen tukuna, sa'an nan a bi zanen da allura. Hula mai ƙananan ɗinki ta kan ci makonni. Kada wannan ya karya miki zuciya. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga wani amfani ga 'yan aji. Hannun da ya saba da allura ba ya wahala da fensir. Na lura da haka a azuzuwa da dama. Masu ɗinkin hula da masu saƙa su kan riga saura iya rubuta baƙaƙe a miƙe, domin idonsu ya saba da bin layi, kuma sun saba da ƙirga.

Amma ku yi ɗinki da rana, a wuri mai haske. Ɗinki a duhu ya kan gajiyar da ido.

5. Tukunya cikin tukunya

Kada wani ya raina aikin hannu, ya ce aikin mutanen da ne. Ga labarin gaskiya daga jiharmu.

Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Me ya sa? Jikin randa yana da 'yan ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa ya kan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi. Ruwan da ke bushewa kuwa da zafi ya ke tafiya. Haka gumi ke sanyaya jikin mutum.

Wani malami mai suna Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse, ya fito daga gidan magina tukwane. Ya yi tunani a kan wannan. A shekarun 1990 ya riƙa koya wa mutanen ƙauyukan Jigawa wata dabara. A sami tukunya babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar. A cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin. A zuba kayan miya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Safe da yamma a ƙara wa yashin ruwa. Da haka tumatir da tattasai da su kan lalace cikin 'yan kwanaki su kan kai mako 3. A shekarar 2000 kamfanin Rolex na ƙasar Suwizalan ya ba shi lambar yabo saboda wannan aiki, labarinsa ya zagaya duniya.

Ba lantarki, ba inji. Yumɓu ne da yashi da ruwa da tunani. Dabarar kuma ta fi ci da rani, lokacin da iska ta bushe. Ku gwada a gida bana. Ku sa tumatir 5 a ciki, ku bar 5 a waje, ku rubuta ranar da ko wanne ya lalace, ku kawo wa aji labari.

6. Wasa

Ba kullum aiki ba. Jiki yana da hakki, zuciya ma tana da hakki. In rana ta take, a ajiye aiki a nemi inuwa. Allah ya yi mana gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani, lokacin da mu ke bukatar inuwa. Ga tsamiya, ga darbejiya. A sha fura da nono, ko zoɓo, ko kunun tsamiya. A yawaita shan ruwa, tun ba yara da tsofaffi ba. Rani kuma da kayan marmarinsa: magarya, da kurna, da aduwa, da goriba. Duk a daji su ke, ba a saya.

Da la'asar dattawa su kan yi dara. Ba ta bukatar ko kwabo. A haƙa gurbi 30 a ƙasa, jeri 5, ko wane jeri gurbi 6. Ko wane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan karare, wancan tsakuwa. Da fari a yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya. In an gama, sai a riƙa matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera 3 a layi ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin wasansa. Dara makarantar lissafi ce, tana koya wa mutum ya duba gaba kafin ya ɗaga hannu. Amma sharaɗi biyu: kada a sa kuɗi, don in kuɗi ya shiga ta zama caca, kuma in an kira salla a tashi.

Samari suna da kokawa da langa da ƙwallo. 'Yan mata suna da gaɗa da carafke. Yara kuwa, ka ba su karan dawa da ƙaya ka ga abin mamaki. Su fere kara su yi mota da ƙafafunta, su yi jirgin sama, su yi tabarau. Su kwaɓa laka su gina shanu da raƙuma. In ɗanka ya kawo maka motar kara, kada ka ce masa ya tafi ya ba ka wuri. Ka karɓa ka duba, ka tambaye shi yadda ya yi. Makanike da kafinta da magini da yawa daga nan suka fara.

7. Hirar dare

Da bazara ɗaki ba ya kwantuwa. Gara ma haka, domin cunkoso a ɗaki marar taga a lokacin zafi yana taimakon ciwon sanƙarau ya yaɗu. A share tsakar gida, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarma. A duba wurin da fitila saboda kunama.

Sa'an nan ka ɗaga kai. Sararin rani garau ya ke in ba ƙura. Ga Zara kusa da wata, ga Kaza da 'Ya'yanta, da asuba ga Gamzaki. Ka nuna wa yara, ka gaya musu sunayensu kamar yadda aka gaya maka.

Wannan ne lokacin tatsuniya da kacici-kacici. A da ko wane yaro ya san Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami. Yau a gidaje da yawa, da an ci tuwo sai kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Waya tana da amfani, rediyo ma haka. Amma waya ba ta san sunan kakanka ba, ba ta san wanda ya haƙa rijiyar garinku ba, ba ta san shekarar da aka yi fari aka ci ganye ba. Tsofaffi ne suka sani.

A nan karatunku zai yi aiki. Da aka fara Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, an riƙa buga littattafai da jaridu a Zariya domin sababbin masu karatu. Kafin nan ma Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939. Shi ma labarun da ya ji da waɗanda ya karanta ya tattara, ya gyara, ya sa a takarda, ga shi har yau ana karantawa. Kai ma ka sayi ɗan littafin rubutu. Ka je wurin tsohuwa ka ce, "Iya, a ba ni tatsuniya ɗaya in rubuta." Ka je wurin dattijo ka ce, "Baba, yaya aka kafa garin nan?" Ka rubuta yadda ka iya, ko layi 5 ne. Kuskure ba kome, malami zai gyara. Gobe da dare ka karanta wa iyali. Za ka ga yadda yara za su matso.

8. Abin da za mu riƙe

Rani rabin rayuwarmu ne. Wanda ya zauna haka nan, rani zai ci rumbunsa, ya ɓata masa rai. Wanda ya riƙe wani abu a hannu zai ci moriya uku: hankalinsa ya kwanta, ya sami na cefane, ya kuma bar wa 'ya'yansa abin da ya iya.

Ba a ce ka koyi duka ba. Ka zaɓi ɗaya. In ka riga ka iya, ka koya wa mutum ɗaya kafin ruwa ya sauka. In ba ka iya ba, kada girma ya hana ka tambaya. Da ka zo ajin nan ba ka san baƙi ko ɗaya ba, yau ga shi kana karanta wannan da kanka. Haka saƙa ta ke, haka ɗinki ya ke.

Ran da za a rufe aji, kowa ya zo da abin da ya yi da hannunsa, ko igiya, ko faifai, ko hula, ko tatsuniya a rubuce. Mu shimfiɗa su a gindin itace, mu kira mai gari da jama'a su gani.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya sa mu ga rani na gaba da rai da lafiya. Amin.

Tambayoyi

1. Wata nawa ne rani a ƙasar Gumel?
2. Me ya cinye rumbun wan a cikin misalin nan?
3. Faɗi abubuwa 4 da a ke yi da kaba.
4. Don me ba a yanke ganyen tsakiya na kaba?
5. Me ya sa ruwan randa ya ke da sanyi?
6. Gurbi nawa ne a dara, kuma 'ya'ya nawa ko wane ɗan wasa ke da su?
7. Rubuta sunan aikin hannu ɗaya da za ka koya bana, da sunan wanda zai koya maka.